Ku Tambaya Mu Amsa: Kiɗan Ƙarfe Da Babu Mawaƙi A Cikinsa

Ba kasafai wannan fili yake samun tambaya a kan kiɗan Turawa mai nauyi ba, domin yawancin masu rubuto mana hankalinsu yana kan waƙoƙin fina-finan Hausa, da na bege, da kuma saɓanin da ke tashi tsakanin mawaƙan zamani. Amma a wannan karon wasiƙu uku sun iso mana daga cikin garin Damagaram, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, dukansu a kan kiɗa iri ɗaya suke magana. Saboda haka na haɗa su wuri guda, na taƙaita gaisuwar da ke cikinsu, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani matashi mai gyaran salula a kusa da Kasuwar Dole:

Malam, ni mai son kiɗan hebi metal ne tun ina lise, kuma a fadarmu ni kaɗai ne mai wannan ra'ayi, har abokaina suna kirana mai kiɗan injin niƙa. Kwanan baya wani ɗalibi da ya kawo mini gyara ya tura mini kiɗan wasu makaɗa da ake kira Russian Circles. Na zauna ina jiran mawaƙi ya shigo har kiɗan ya ƙare, babu wanda ya buɗe baki. Da farko na ɗauka an cire muryar ne, irin yadda ake yi wa masu koyon waƙa, amma abin mamaki sai na sami kaina ina ta maimaita shi. Wane irin kiɗa ne wannan, kuma me ya sa yake kama mai son metal alhali babu ihun da muka saba ji?

Amsa:

Ƙanena, babu wanda ya cire muryar kowa, haka makaɗan suka tsara abinsu tun farko. Sunan wannan kiɗa fos-metal, kuma reshen da ka ci karo da shi shi ne wanda ake kaɗawa zalla ba tare da waƙa ba. Kalmar fos tana nufin abin da ya biyo baya, wato kiɗan da ya gaji kayan aikin metal da nauyinsa, amma ya yi watsi da tsarin da kunne ya saba da shi, inda ake yin baiti a yi amshi, a sake baiti a sake amshi, sannan mai gita ya fito ya nuna gwanintar yatsunsa kafin a rufe. An ƙera sunan ne a kan na wani ɗan'uwansa da ake kira fos-rok, wanda marubucin nan na Ingila mai sharhin kiɗa, Simon Reynolds, ya yayata a 1994, lokacin da yake bayani a kan makaɗan da suke riƙe da gita da ganguna amma ba rera waƙa ce ta dame su ba, sautin kansa suke ginawa.

Harshenmu ya sauƙaƙa mana wannan batu, domin Bahaushe ya raba kiɗa da waƙa, ya raba makaɗi da mawaƙi, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ne yake amsa sunayen biyu. To, tun ranar da ka fara son metal, waƙar ce ta kama ka ko kiɗan? Ina kyautata zaton kiɗan ne, domin kai da ka yi karatu da Faransanci da wuya a ce kana tsintar kalmomin Ingilishi daga bakin mutumin da yake gurnani, alhali su kansu masu harshen sau da yawa sai sun nemi rubutun waƙar kafin su gane abin da ake faɗa.

Tarihin kiɗan ma yana goyon bayan wannan zato nawa. Ƙungiyar Black Sabbath, wadda akasarin masana suke ɗauka a matsayin mafarin hebi metal, ta kafu a birnin Bamingam na Ingila a 1968, kuma mai kaɗa mata gita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu na hannun dama a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Da yake bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya, don haka ya yi wa yatsun hula ta roba, ya koma amfani da tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya kuma, a faifansu na 1971, ya sassauta ɗaurinsu domin ya rage zafin da yake ji. Tsirkiyar da aka sassauta kuwa sautinta ƙasa yake yi, ya yi kauri, ya yi duhu. Ka ga ke nan nauyin metal tun asali a tsirkiya yake kwance, ba a maƙogwaro ba. Ginshiƙin gidan shi ne abin da masu kiɗan suke kira rif, wato gajeriyar jimlar gita mai kaushi wadda ake maimaitawa har ta zauna a ƙirjin mai sauraro. Ban ce murya ba ta da daraja ba, domin akwai mawaƙan metal da muryarsu ita ce rabin farin jinin ƙungiyarsu, amma idan ka cire mawaƙi ka bar rif, abin da ya rage metal ne, idan kuwa ka cire rif ka bar mawaƙi, sai dai a nema masa wani sunan. Manyan gidan ma sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa Metallica ta sa wani kiɗa mai suna Orion a faifanta na 1986, wanda ya wuce minti takwas babu kalma ko ɗaya, kuma har yau masoyanta suna lissafa shi cikin mafi kyawun abin da ta yi.

Waɗanda suka share wa fos-metal hanya ba su sallami mawaƙi nan take ba, matsayinsa suka rage. Neurosis, wadda ta kafu a Oklan ta jihar Kalifoniya a 1985, ta fara da kiɗa mai gaggawa da fushi, amma a cikin shekarun 1990 ta ja birki, ta tsawaita kiɗanta har wani yakan wuce minti goma, ta kuma ba ganguna fili suna ta kewaya wuri ɗaya. A Bamingam kuma Godflesh, da ta kafu a 1988, ta haɗa gita mai nauyi da na'urar buga ganga. Sai Isis, wadda ta fito daga Bostan a 1997, ta tattara waɗannan darussa a faifanta na 2002 mai suna Oceanic, inda murya take leƙowa na ɗan lokaci ta nutse cikin gita kamar ita ma ɗaya ce daga cikin kayan kiɗa. Daga nan taki ɗaya ya rage, kuma mutanen birnin Shikago ne suka yi suna wajen yin sa. Pelican, mai mutum huɗu, ta fitar da babban faifanta na farko, Australasia, a 2003 a kamfanin Hydra Head na Aaron Turner, jagoran Isis, babu mawaƙi ko kaɗan. Su kuma Russian Circles da aka tura maka sun kafu a wannan birnin a 2004, sun fara da faifan Enter a 2006, sun kai ga Gnosis a 2022. Ba ƴan Rasha ba ne, sunan na wani atisaye ne da ake yi a wasan hoki na kan ƙanƙara. Su uku ne kacal, mai gita da mai bas, wato gitar da sautinta ya fi kauri, da mai ganguna, kuma idan ka ji kamar gita uku ne ke tashi lokaci ɗaya, Mike Sullivan ne yake kaɗa jimla, ya taka wani ɗan akwati da ƙafa ya kama ta tana ta maimaituwa, sannan ya ɗora wata a kanta. A Faransa ma akwai Year of No Light ta birnin Bordo, wadda ta fara da mawaƙi, da suka rabu kuma ba ta nemi wani ba, ta koma kaɗawa da gita uku da masu ganguna biyu.

Yanzu sai mu zo kan dalilin da ya sa ka kasa ajiye shi. Ka san yadda hadarin damina yake haɗowa daga gabas: iska ta ɗauke, gari ya yi tsit, zafi ya ƙaru, sannan sama ta yi ja da ƙura, mata su fara kwashe shanya, tsawa tana gunaguni daga nesa, mutane suna ɗaga kai suna cewa ko zai zuba ko zai watse. Duk wanda ya taɓa zaman jiran ruwa a garin nan ya san cewa rabin daɗin saukarsa daga tsawon jiran yake zuwa. Haka ake gina wannan kiɗa. Ana farawa da gita ɗaya mai tsabtar sauti, ganga ta shigo a hankali, bas ya kwanta a ƙasa, ana ƙara kaya sannu-sannu na minti uku ko huɗu, har mai sauraro ya fara jin wani abu yana tokare masa ƙirji, sannan a saki rif ɗin gaba ɗaya. Metal mai sauri yana fara dukanka tun daga sakan na farko, kuma kunne, kamar fata, yana sabawa da duka, bayan ɗan lokaci sai ƙarar ta zama kamar ta injin niƙan da abokanka suke yi maka ba'a da shi. Amma rif ɗin da ya zo bayan dogon shiru, nauyinsa ninkuwa yake yi. Mai son metal nauyi yake nema, kuma waɗannan makaɗa sun gano cewa shiru yana cikin kayan da ake haɗa nauyi da su.

Rashin mawaƙi kuma yana ba su damar yin wannan gini yadda suke so. Duk inda murya take, kunnen ɗan Adam ita yake bi, sauran kayan kiɗa su koma ƴan rakiya, kuma dole a yanka kiɗan daidai da tsawon baiti da numfashin mai rerawa. Idan babu ita, sai kunne ya sami sarari ya ji abin da mai ganguna yake yi da ƙafarsa, da yadda bas yake jan gita ƙasa. Akwai wani faifai da za ka iya gwada wannan magana a kansa da kanka. Ƙungiyar The Ocean ta birnin Balin a Jamus ta shirya Pelagial na 2013 a matsayin kiɗa zalla saboda mawaƙinta yana fama da matsalar murya, da ya samu sauƙi sai aka ɗora waƙa, aka fitar da shi iri biyu, mai murya da marar murya. An tsara shi kamar nutso daga saman teku zuwa ƙarƙashinsa, yana farawa da haske da sauri, yana ƙara duhu da nauyi da jinkiri yayin da ake yin ƙasa. Ni dai a nawa kunnen, marar muryar ne yake sa mutum ya ji nutson sosai.

Wani zai ce ai mu ma muna da kiɗan da ke magana ba tare da mawaƙi ba, kuma gaskiyarsa. Wanda ya taɓa zuwa filin kokawa ya ga yadda ake kaɗa wa ɗan kokawa takensa jikinsa ya ɗauki tsuma tun kafin a ambaci sunansa, haka ƴan tauri, haka kuma algaita da kakaki a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Wannan tsumar ita ce mafi kusa da abin da masu metal suke nema idan suna kaɗa kai. Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma bai kamata mu wuce ta ba. Take yana da kalmomi a ɓoye a cikinsa, kalangu karin harshen Hausa yake kwaikwayo, wanda ya san kirarin yana jin sa kalma bayan kalma. Gitar mutanen Shikago ba ta ɓoye kowace kalma ba, babu wanda take yi wa kirari, babu wanda take zugawa. Mai sauraro ne yake zuba nasa labarin a ciki, shi ya sa mutum biyu za su saurari abu ɗaya, wannan ya tuna rasuwar mahaifinsa, wancan ya tuna doguwar tafiyar dare a hanyar Agadas.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Dabarar nan ta farawa a hankali a ƙare da rugugi ta zama hanyar da kowa yake bi, har akwai ƙungiyoyi da yawa da za ka iya faɗin minti na nawa hadarinsu zai zuba tun kafin ya haɗu, kuma wani hadarin ma ƙura ce kawai. Masu son sauri da gwanintar yatsu a cikin ƴan metal suna ganin kiɗan yana da jan rai, kuma wani lokaci suna da gaskiya. Sannan, tunda sana'arka ce, ka fi ni sanin girman lasifikar da ke cikin salula. Tsirkiya mafi kauri ta gita tana girgiza kusan sau 82 a sakan ɗaya, ta bas kusan sau 41, kuma waɗannan makaɗa sau da yawa ƙasa da haka suke ɗaure nasu. Ƴar lasifikar salula ba ta iya fitar da irin wannan sauti, saman kiɗan kawai take bari, mai kama da ana suya. Idan ta nan ka kunna wa ƴan fadarku, kada ka ga laifinsu da suka yi maka dariya.

Tambaya daga wata uwa, malamar makaranta, a unguwar Birni:

Malam, ina da ɗa mai shekara 19 wanda yake wuni da ekutar a kunne. Ran nan na duba salularsa na ga an rubuta Isis a kan wasu kiɗe-kiɗe, da hotuna masu duhu, sai gabana ya faɗi, domin mun san abin da wannan suna yake nufi, kuma Diffa ba nisa gare ta da mu ba. Ya ce mini makaɗa ne kawai kuma yawancin abin da yake ji ma babu waƙa a ciki. Gaskiya yake faɗa mini? Kuma akwai abin tsoro a wannan kiɗa?

Amsa:

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. A kan sunan, ɗanki gaskiya ya faɗa miki. Isis ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka da ta kafu a 1997 ta kuma watse a 2010, wato shekara huɗu kafin duniya ta fara jin wannan suna a kan masu tayar da ƙayar baya na Iraƙi da Siriya a 2014. Kalmar tsohuwa ce, sunan wata abar bauta ce ta mutanen Masar a zamanin Fir'aunoni, kuma babu wata alaƙa tsakanin makaɗan da waɗancan mutane. Su kansu rikicin sunan ya shafe su, har suka gyara sunan shafinsu na Facebook domin a bambance, kuma da suka sake haɗuwa sau ɗaya a 2018 domin tara wa iyalan wani abokinsu da ya rasu gudummawa, da sunan Celestial suka hau dandamali.

Game da hotuna masu duhu, ba zan ce miki gidan metal duka tsarkakakke ne ba. Akwai rassansa da suke ado da alamomin shaiɗan da zagin addini, kuma a farkon shekarun 1990 wasu daga cikin mabiya wani reshe a ƙasar Nowe sun ƙona coci-coci. Amma reshen da yaron yake magana a kai hankalinsa ya fi karkata ga teku da duwatsu da yanayi da tarihi, kuma tunda babu waƙa, kalmomin da ke cikinsa ba su wuce sunan faifai da sunayen kiɗe-kiɗen ba, waɗanda za ki iya karantawa da kanki. Misali, ƙungiyar Red Sparowes ta Los Anjalas ta gina faifanta na 2006 a kan abin da ya faru a ƙasar Sin daga 1958, lokacin da gwamnatin Mao ta umarci jama'a su kashe tsuntsayen gwara saboda suna cin hatsi, sai ƙwari suka yawaita tunda babu mai cin su, abin ya ƙara tsananta yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane. Sunan kowane kiɗa doguwar jimla ce, idan aka jera su sai su ba da labarin. Manomin da ya taɓa ganin fara ko jan-baki sun sauka a gonar gero zai gane wannan labari ba sai an yi masa fassara ba. Hukuncin sauraron kiɗa a addini kuwa magana ce ta malamai, kuma kin fi ni sanin malamin da gidanku yake bi.

Abin da ni nake ji wa tsoro shi ne kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan 1, ƴan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, babba zai iya jure ƙarar da ta kai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako, amma idan ta kai desibel 90 lokacin yana raguwa zuwa awa 4 kacal a mako. Wannan kiɗa kuwa yana da wani tarko na musamman: tunda yana farawa a hankali, mai sauraro yakan ƙara murya domin ya ji farkon da kyau, musamman idan yana bakin titi cikin hayaniyar kabu-kabu, sai rugugin ya same shi a wannan matsayi. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ki sa ya riƙa tsayar da ƙarar ƙasa da kashi 60 cikin 100 na ƙarfin salular, ya riƙa cire ekutar yana hutawa, idan kuma ya ce yana jin wani zuuu a kunne bayan ya cire, to ki kai shi a duba shi. Ina kuma ba ki shawara ki ce ya kunna miki ɗaya ku saurara tare. Mai yiwuwa ba zai yi miki daɗi ba, amma za ki san abin da yake ji, shi kuma zai san ba a ɓoye yake yi ba.

Tambaya daga wani mai kaɗa gita a wuraren biki, mazaunin Zango:

Malam, ina kaɗa gita irin ta mutanen Agadas, kuma wani abokina ya ce abin da Mdou Moctar yake yi da fos-metal duk ɗaya ne. Haka ne? Idan ina son in gwada, me nake bukata?

Amsa:

Ɗan'uwa, abokinka ya hango wani abu, amma ya yi gaggawar yanke hukunci. Akwai kama, domin duka biyun sun dogara ga maimaita jimla ɗaya har ta ɗauke hankali, kuma duka biyun ba sa tsoron barin gita ta yi dogon zance. Shi ya sa faifan Mdou Moctar, makaɗin gitar nan ɗan Nijar, mai suna Afrique Victime na 2021 ya samu karɓuwa a wurin masu son kiɗa mai nauyi a Turai da Amurka. Wani abin sha'awa ma, shi ma bahago ne kamar Iommi, kuma gitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Amma Mdou mawaƙi ne, yana rera waƙa da Tamashek a kan soyayya da halin da nahiyarmu take ciki, kuma yadda kiɗansa yake hawa dabam ne. Shi da sauri yake hawa, ganga tana ƙara gudu, yatsu suna tafiya can sama inda sauti yake da kaifi, har masu rawa su jiƙe da gumi. Fos-metal da kauri yake hawa, gudun yana nan yadda yake ko ma ya ragu, sautin yana yin ƙasa, ana ta jibga kaya a kan kaya.

Idan za ka gwada, fara da abin da ba ya cin ko dala. Ka sassauta tsirkiyarka mafi kauri da mataki ɗaya cikakke, daga mi zuwa re, sai ka ga yatsa ɗaya da ka shimfiɗa a kan tsirkiyoyi uku mafi kauri yana ba ka sauti mai kauri wanda shi ne harsashin yawancin rif. Idan ka so yin ƙasa fiye da haka sai ka nemi tsirkiyoyi masu kauri, domin sirara idan suka yi sako-sako ba sa riƙe sauti. Bayan haka akwai ƴan akwatunan da ake takawa da ƙafa: mai sa sauti ya yi kaushi, da mai amsa-kuwwa, da mai kama jimla ya maimaita ta. Na ƙarshen nan shi ne zai fi yi maka amfani idan kai kaɗai ne. Ka kuma kula da wuta, domin waɗannan na'urori ba sa jure hawa da saukar lantarki, musamman idan da injin wuta ake biki. Abu mafi wuyar samu dai shi ne mai ganguna mai haƙuri, wanda zai yarda ya yi minti uku yana taɓa ganga a hankali ba tare da hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi ba.

Ba na ba ka shawarar ka kwaikwayi mutanen Shikago jimla da jimla, domin an riga an yi su da yawa. A birnin Lome na Togo, ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta ɗora gitar metal a kan kiɗan gangunan mutanen Ewe, kuma da wannan aka san ta a waje. Kai kana da gurmi da garaya da goge a kunnenka tun kana yaro, kana da algaitar da mai busa ta yake shaƙar iska ta hanci yana busawa ba tare da sautin ya yanke ba, wanda shi ne irin dogon sautin da makaɗan fos-metal suke kashe kuɗi a kan na'ura domin su samu. Ka ɗauki jimla ɗaya ta gurmi, ka rage mata gudu da rabi, ka kaɗa ta a kan tsirkiyar da ka sassauta, ka ji abin da za ta zama. Sai dai kada ka fara gwajin a gidan biki, domin ƙawayen amarya rawa suka zo yi da liƙi, ba za su tsaya jiran hadarinka ya haɗu ba, kuma uwar biki tana iya riƙe maka cikon kuɗinka. Ka tara abokai biyar ko shida a tsakar gida bayan isha'i, ka sanar da maƙwabta tun da rana, ka kuma juya lasifikar ta kalli bango.